Kukan birkin faifai a keke: ina yake fitowa, yaya ake kashe shi?

Malam Habu Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Tunda kekunan hannu masu birkin faifai suka yawaita a gari, babu tambayar da ta kai ta kukan birki yawan dawowa a zauren nan. Mutum zai kama birki a danja, keke ya ƙwalla ƙara har masu adaidaita su waiwayo. Ina so mu tattara maganar wuri ɗaya, masu gyara da masu hawa kowa ya kawo abin da ya sani.

Zan fara da abin da ya fi kashe wa mutane birki. Da an ji kuka sai a ce ƙarfe ne ya bushe, a ɗiga masa baƙin mai ko a fesa masa WD-40. Kukan zai ɗauke na ɗan lokaci, amma birkin ya tafi tare da shi, kuma in kukan ya dawo sai ya fi na da. Faifai da fata, wato abin da ke matse faifan ya tsayar da keke, ba sa shiri da mai ko ɗigo ɗaya.

Na biyu, kafin a ɗauki alanki a tsaya a saurari kukan. Akwai wanda ba ya zuwa sai an matsa hannun birki. Akwai wanda yake nan ko ba a taɓa birki ba, kana tafiya kana jin ƙyas, ƙyas, duk zagayen taya sau ɗaya. Akwai gurzar ƙarfe da ƙarfe, wannan fata ce ta ƙare. Sai kuma mai zuwa da karkarwa har ka ji ta a tafin hannunka. Kowanne da inda ake nemo shi.

Oga Sabi'u:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri. A nan Kano yawancin kukan da ke zuwa lokacin matsa birki, musamman mai kauri ɗin nan da ake jiyowa daga nesa, fata ce ta sha mai. Alamarsa ba ta ɓuya: kuka ya ƙaru, kamu ya ragu. Ka matse hannu iya ƙarfinka, keke na ci gaba da silalewa.

Kuma ba sai an zuba man da gangan ba. Mu nan baƙin man inji ake laftawa a sarƙa har yana ɗiga, taya na juyawa yana fantsama, faifan baya kuwa ga shi nan a ɗaya gefen. Man feshi ya fi wannan ɓarna, domin iska ce ke kai shi. A wurin wanki kuma tsumman da aka goge sarƙa da shi ake bi da faifai. Da damina ruwan da ke kwanciya a titi yana ɗauke da gas da baƙin mai daga kwata da bakin gareji. Da hunturu kuwa kowa hannunsa da basilin, a zo saka taya a dafe faifai da yatsu. Fata tana da ƙananan ƙofofi, abin da ya taɓa samanta yana nitsewa ciki.

Auwalu Kurna:
Oga, yaya mutum zai bambance fatar da ta sha mai da wadda ta yi santsi kawai? Birkina na kamfanin Tektro ne, mai aiki da waya, na baya ne ke kuka, na gaba shiru.

Oga Sabi'u:
Sai ka ciro ta ka gani da idonka, ƙanena. Cire taya tukuna. Za ka ga wani siririn fil da ya ratsa kunnuwan fatun biyu. In mai tsagaggen baki ne, miƙe bakin da filaya ka zare, in mai zare ne, alanki mai lamba 3 ke kwance yawancinsu. Fatun za su fito tare da ɗan sifirin da ke tsakaninsu, ka lura da yadda yake zaune kafin ka raba su.

Fatar da ta yi santsi tana ƙyalli, a bushe take, in ka karkata ta ga haske za ka ga tana sheƙi. Wadda ta sha mai baƙa ce wuluk, ƙurar da ke gefenta ta dunƙule ta yi danƙo. Goga ta a farar takarda. In ta bar busasshen gari mai toka-toka, lafiya. In ta bar baƙin layi mai maiƙo, ta sha. Ka duba kauri kuma. Kamfanin Shimano sun ce a canza idan abin kamun ya kai milimita 0.5, ban da ƙarfen baya. Ni shawarata da ya sauko milimita 1 a nemi sabuwa, domin daga nan sifirin yake fara taɓa faifai, shi ma kukansa daban.

Injiniya Nura:
Bari in ƙara dalilin da ya sa abin ke kuka tun asali, zai sa a gane me ya sa wankewa kaɗai ba ta isa. Kukan birki girgiza ce. Fata tana kama faifai, ta suɓuce, ta sake kamawa, sau ɗaruruwa ko dubbai cikin daƙiƙa ɗaya. Faifai siririn ƙarfe ne, sai ya ɗauki girgizar ya mayar da ita sauti, sifok da firam su ƙara mata amo.

Birkin da ke aiki daidai ba kan tsurar ƙarfe fatarsa ke gogawa ba. Akwai wani siririn shafi na garin fatar kanta da zafi ke mannawa a jikin faifai. In shafin nan ya kwanta bai ɗaya a duk zagayen, kamun zai zo sumul, babu kama-saki. In ya kwanta a wani wuri ya tsallake wani, ko mai ya shiga tsakani, sai kuka. Saboda haka gyaran matakai uku ne da ba a raba su: a kankare tsohon shafin, a tabbatar fata mai tsabta ce, a sake kwantar da sabon shafi. Wanda ya sa sabuwar fata a kan faifan da bai wanke ba, man da ke jikin faifan zai koma cikin sabuwar fatar tun kafin ya fita layinsu.

Malam Habu Fagge:
Haka ne Injiniya. Ga yadda ake wankin. A cire fatu a ajiye su nesa da wurin aiki. A sami sabon tsumma fari ko tishu mai kauri, a jiƙa da sifirit, a goge faifai ciki da waje. A riƙa canza gefen tsumman har ya daina fitowa da baƙi. Ramukan jikin faifai su ne maɓoyar datti, a naɗe tsumma a tsinke ko a sa auduga mai sanda a bi su ɗaya bayan ɗaya. In aka bar su, zafi na farko zai narko da abin da ke ciki.

Daga nan a sami samfefa mai lamba 180 zuwa 220, a bi inda fata ke kamawa a hankali, ana gogawa a gicciye, kada a bi zagayen faifan. Ba rage ƙarfe ake so ba, dusashe ƙyallin kawai. A sake gogewa da sifirit. A wanke cikin kalifa, wato gidan da fatun ke zaune, shi ma, domin ƙurar da ke ciki ta sha mai.

Fatar da santsi ne kawai damuwarta, a shimfiɗa samfefa mai lamba 120 a kan gilashi ko tayil, a kifa fatar a kai a riƙa zagayawa da ita har sheƙin ya tafi. Kada a riƙe samfefar a hannu, fatar za ta karkace. Kada kuma a hura garin da baki.

Baban Ummi:
Malam, fetur fa? Mu a garejin mota da shi muke wanke komai, kuma yana bushewa nan take.

Malam Habu Fagge:
A'a Alhaji, a bar fetur a nan. Yana bushewa a ido, amma yana barin maiƙo, balle wanda aka saya a galan da ba a san me ya taɓa zama a ciki ba. Kananzir da gas sun fi shi muni, su mai ne tsantsa. Kuma duk ukun suna kumbura robar sil ɗin kalifa, wadda ke hana mai yoyo, in birkin na mai ne. Abin da kamfanonin birki suka ce a yi amfani da shi shi ne sifirit ɗin aisofurofil. Masu gyaran waya suna wanke allon waya da shi, a tambaya a Farm Centre, amma a tabbatar shi aka bayar ba tina ba. In bai samu ba, sifirit na kemis zai yi. In shi ma babu, ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke na ruwa, a ɗauraye sosai a bar shi ya bushe.

Auwalu Kurna:
Na ciro ta, ta bar baƙin layi a takarda. Wasu sun ce in ƙona ta a wuta man zai fita. Gaskiya ne?

Oga Sabi'u:
Ya danganta da irin fatar. Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai ta resin, wadda aka haɗa garinta da danƙo, akwai ta ƙarfe, wadda aka gasa garin ƙarfe ya manne. Ta ƙarfe tana jure wuta. In aka riƙe ta da filaya a kan wutar gas har hayaƙin ya tsaya, aka bar ta ta huce da kanta, aka bi da samfefa, sau da yawa tana dawowa aiki. Ba kowa ke da kuɗin sabuwa a ranar ba, kuma ba kowane samfuri ake samu a Sabon Gari ba.

Injiniya Nura:
Oga, a nan ban bi ka ba, ka yi haƙuri. Tektro irin na Auwalu kusan duk da resin suke zuwa. Danƙon da ya riƙe garin, da abin da ya manne shi da ƙarfen baya, duk wuta tana cin su. Fatar za ta fito kamar lafiya, sai ranar da aka kama birki da ƙarfi abin kamun ya ɓalle daga ƙarfen gaba ɗaya. A titi irin na Kurna, tsakanin tirela da adaidaita, wannan ba abin gwaji ba ne. Ko ta ƙarfen ma, wa ya san zafin da ta kai a kan risho? Kuma mai hawa na yau da kullum ba lallai ya iya bambance resin da ƙarfe bayan ta yi baƙi ba.

Oga Sabi'u:
Maganar resin na yarda, ban ce a ƙona ta ba. Ta ƙarfe kuwa ina nan kan bakana, zafin da take gani a doguwar gangara ba ƙarami ba ne, don shi aka yi ta. Bambance su kuma ba wuya: yawancin na ƙarfe bayansu jan ƙarfe ne ko ruwan tagulla, kuma akan rubuta irinta a bayan.

Malam Habu Fagge:
To a tsaya a nan: resin da ta sha mai, a jefar. Ta ƙarfe, wanda ya san aikin ya gwada, amma a baya kawai, kada a sa ƙonanniyar fata a birkin gaba, domin shi ne ke ɗauke da mafi yawan tsayawa. Auwalu, kai sabuwa za ka saya. Ka tafi da tsohuwar a aljihu ka gwada su baya da baya. Yawancin Tektro suna cin samfurin Shimano B01S, wanda B03S da B05S suka gaje shi, duk surarsu ɗaya. Akwai jabu a kasuwa masu tauri da ke kuka tun ranar farko, ka duba garin ya zauna daidai a kan ƙarfen, babu tsaga a gefe.

Injiniya Nura:
Yanzu sai kwantar da sabon shafin, matakin da aka fi tsallakewa. Ka sami titi mai kwalta marar cunkoso, irin na cikin Nassarawa GRA da safe. Ka zauna a kan sirdi, ka tuƙa zuwa matsakaicin gudu, ka matsa birki ɗaya da ƙarfi daidai har keke ya sauko gudun tafiyar ƙafa, sai ka saki ka sake tuƙawa. Kamfanin SRAM sun ce a yi haka sau 20, sannan a ƙara gudu a yi sau 10. Birki ɗaya ake yi a lokaci guda, in an gama a koma ɗayan.

Sharuɗɗa biyu ne. Kada taya ta kulle ta ja ƙasa. Kada kuma ka tsaya cak da birki a matse alhali faifai na da zafi, domin fatar za ta bar tambarinta a wuri ɗaya, nan ne karkarwa ke farawa. Za ka ji kamun yana ƙaruwa da kansa tun kafin ka kai rabi. Garinmu shimfiɗaɗɗe ne, babu gangarar da za ta taimaka, sai ƙafa. Kada dai wani ya ce zai yi a gangarar gadar sama cikin motoci, birkin bai gama kamawa ba a lokacin.

Sadiq Hotoro:
Maigida, nawa ba wannan ba ne. Ko ban taɓa birki ba ina jin ƙyas, ƙyas. Na mai ne, Shimano MT200.

Malam Habu Fagge:
Ɗaga tayar ka juya ta, ka sa farar takarda a ƙasa ka leƙa ta tsakiyar kalifa. In gefe ɗaya ke gogawa koyaushe, kalifa ce ta karkace. In wuri ɗaya ne a faifan ke zuwa ya taɓa ya wuce, faifai ne ya lanƙwashe.

Kafin komai ka tabbatar taya ta zauna har ƙarshen mazauninta. Aje keken a ƙasa, saki makullin taya, danna keken, sake kullewa da ƙarfi. Taya da ta ɗan karkace a mazauni tana sa mutum ya yi ta kwance kalifa a banza.

Daidaita kalifa: noti biyu ne suka riƙe ta, alanki mai lamba 5. Sassauta su har ta iya motsi, kada ka cire. Matse hannun birki ka riƙe, ko ka ɗaure shi da roba, sai ka ɗaure notocin kaɗan-kaɗan, wannan rabin juyi, wancan rabin juyi. In ka gama ɗaure ɗaya kafin ɗaya kalifar za ta murɗe. Mai sifanar awo ya tsaya a 6 zuwa 8 Nm, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri. In aka saki hannu har yanzu tana gogawa, a yi da ido: a sassauta noti ɗaya, a tura da yatsa har haske ya bayyana a gefe biyu na faifan.

Lanƙwasar faifai kuma, yi wa wurin alama da maka, fito da shi daga kalifa, sa sifana mai daidaitawa wadda aka wanke bakinta da sifirit, ka lanƙwasa shi zuwa ɗaya gefen. A hankali ƙwarai, rabin milimita ake nema. Faifan da ya yi gwiwa saboda faɗuwa ko an danne shi a bayan mota ba ya miƙuwa, a canza.

Oga Sabi'u:
Sadiq, ka duba fistin kuma, wato abin da ke tura fata zuwa faifai. A birkinka fistin biyu ne, ya kamata su fito tare. Ƙurar hunturu tana maƙale ɗaya, sai ɗayan ya riƙa tura faifai gefe. Cire taya da fatu, matsa hannu kaɗan ka ga wanne ke fitowa. Riƙe mai motsin da abin cire taya na roba, matsa a hankali har mai maƙalewar ya fito kamar milimita 2 ko 3, kada ya wuce haka don zai iya faɗowa mai ya zube. Goge gefensa da auduga da sifirit, mayar da shi, maimaita har su daidaita. Da roba ake mayar da fistin, ba da sukudireba ba, wasu na tangaran ne suna fashewa.

Auwalu, naka na waya tsarinsa daban ne, dabarar matse hannu ba ta cika yi masa ba. A yawancinsu fata ɗaya ce ke motsi, ta waje. Ta ciki a tsaye take, ana matso da ita da wani noti ta ɓangaren sifok. In ta yi nisa, sai faifai ya lanƙwasa kafin ya same ta, ga kuka ga rashin kamu. Matso da ita har ta taɓa faifai, sai ka mayar da baya kaɗan har gogar ta ɗauke, tazarar kamar kaurin katin waya. Bayan nan ne ake daidaita ta waje. Yayin da fata ke cinyewa wannan notin ake ƙarawa. Masu jan waya kawai su bar ta ciki a baya, ƙarshenta faifai ya koma gogar jikin kalifa.

Sadiq Hotoro:
Na cire fatun, bayan ɗaya a jiƙe yake, kuma akwai danshi a kewayen fistin.

Injiniya Nura:
To ka samo tushen. Kalifar tana yoyo, kuma ko fata nawa ka saya za ta sha. Wanke ta tas da sifirit ta bushe, sa wani abu mai tauri da tsabta tsakanin fistin biyun, naɗe da tishu, ɗaure hannun birki da roba ya kwana. Da safe tishun zai nuna maka ko daga fistin ne ko daga inda tiyo ya shiga. In daga tiyo ne, a ɗaure ko a canza ɗan zoben tagullar da ke bakin. In daga fistin ne, a irin wannan birkin canza kalifar ya fi sauƙi.

Ka tambayi kanka kuma ko an taɓa ƙara masa mai, da wane iri. Wannan ina roƙon kowa ya riƙe shi. Shimano, Tektro da Magura man minaral suke sha. Avid da yawancin tsofaffin SRAM su ne masu shan DOT 4 ko DOT 5.1. Man birkin mota da ake sayarwa a Ƙofar Ruwa DOT ne. In aka zuba shi a Shimano, robobin ciki za su kumbura su lalace, daga hannu har kalifa, kuma wankewa ba ta dawo da su. Haka in aka juya, minaral a birkin DOT. A murfin tankin da ke hannun birki an rubuta irin man, a karanta kafin a buɗe.

A duba fok ma, wato ƙafafu biyun da suka riƙe tayar gaba. In mai sifirin ne kuma yana zubar da mai ta ƙafar hagu, kai tsaye kan kalifar gaba yake gangarowa.

Baban Ummi:
A mota muna shafa giris mai jan ƙarfe a bayan fata, kuka ya ɗauke. Ba za a yi wa keke haka ba?

Oga Sabi'u:
A mota akwai tazara, Alhaji, fatar babba ce. A keke daga bayan fata zuwa faifai milimita kaɗan ne, zafi na narkar da giris ɗin sai ya zagayo gaba. Ga shi kuma yana taɓa sil. Kada a yi.

Malam Habu Fagge:
Saura masu karkarwa. Kama birkin gaba, tura keke gaba da baya. In ka ji ƙwas-ƙwas, sa yatsa a wuyan keke inda fok ya shiga firam, in nan ne ke motsi a ɗaure wuya. Kama taya ka girgiza ta gefe da gefe, in tana wasa kon ɗin hob, wato cibiyar taya, ne ya saki, faifai kuma yana bin hob duk inda ya yi. Sifok da suka saki su ma suna ƙara amo.

Sai notocin faifai. Masu noti shida bakinsu tauraro ne, T25, kada a cusa musu alanki a cinye kan. Ana ɗaure su a tsallake, wannan sai na gabansa, ba a jere ba, kuma kafin a ɗaure a murɗa faifan ta hannun agogo ya jingina da notocin. Masu zobe ɗaya a tsakiya, Center Lock, 40 Nm suke so. A jikin faifai akwai kibiya, ta bi juyin taya. A kekunan hannu ana yawan samun wanda aka ɗaura a juye.

Kauri ma a rubuce yake a jiki. Na Shimano sabo milimita 1.8 ne, in ya kai 1.5 ya gama. In ka shafa farce ka ji gaɓa tsakanin inda fata ke ci da inda ba ta ci, a auna da baniya, wato ma'aunin kauri. Wanda ya yi shuɗi ko ruwan hoda ya sha zafi fiye da kima, galibi masu ɗaukar kaya ne ko masu tafiya da yatsa a kan birki. Gara a kama da ƙarfi a saki, da a yi ta ja a hankali.

Injiniya Nura:
Akwai wani abu da ake samu a kekunan da aka harhaɗa daga kayan hannu. Faifai girma-girma ne: milimita 140, 160, 180, 203. Kowanne da adaftar da ke ɗaga kalifa daidai da shi. In adaftar ba tasa ba ce, fata ba za ta hau faifai duka ba. Ciro fatar ka duba, in ka ga wani tudu a samanta da bai cinye ba, kalifa ta yi sama. Wannan ya wuce maganar kuka. Ranar da tudun fatun biyu suka haɗu da juna a saman faifai, hannu zai yi tauri kamar birki na nan, alhali babu abin da ke kama faifan. In kuma kalifa ta yi ƙasa, fata na cin ƙafafun faifai, sai ka ji gur-gur-gur.

A karanta rubutun faifai kafin a sayi fatar ƙarfe. Wasu na Shimano, irin su RT26 da RT56, an rubuta a jikinsu cewa resin kaɗai suke ɗauka, ta ƙarfe tana cinye su da wuri. Dama ta ƙarfe ta fi surutu ko a kan faifan da ya dace, amfaninta daɗewa da jure ruwa da zafi. Mai yawo cikin gari resin ta ishe shi. In za a sauya iri, a yi wa faifai samfefa tukuna, shafin wannan ba ya karɓar wancan.

Auwalu Kurna:
Idan ruwa ya taɓa shi fa? Da damina duka biyun suna kuka.

Oga Sabi'u:
Wannan ba ciwo ba ne. Ruwa ya shiga tsakani, kamu biyu ko uku zai bushe ya yi shiru. Haka na sassafe in keke ya kwana a waje ya sha raɓa. Wanda bai ɗauke ba bayan faifai ya bushe shi ne abin dubawa. In ka ratsa ruwan kwata, da ka isa gida ka zuba wa faifai da kalifa ruwa mai tsabta, kada dattin ya bushe a kai. Da hunturu kuma a riƙa goge faifai da sifirit duk mako. Wajen sa wa sarƙa mai, a ɗiga a kan kowace gaɓa ta ƙasa, a goge rarar da tsumma. In dole sai feshi, a rufe faifai da leda mai tsabta.

Sadiq Hotoro:
In an yi duk wannan kuma ɗaya bai daina ba?

Malam Habu Fagge:
Sai a yi musanya a gano mai laifin, abu ɗaya a lokaci guda. In birkin gaba da na baya samfuri ɗaya ne, kuma faifan girmansu ɗaya, a musanya faifan kawai, a wanke, a sake kwantar da shafi. In kukan ya bi faifai, a sayi wani, zai fi kyau mai zanen ramuka daban ko mai ɗan kauri in kalifar za ta ɗauka. In bai bi ba, a musanya fatu, amma sai an tabbatar babu mai a jikinsu. In har yanzu kukan na wurinsa, a cire kalifa a duba mazauninta a firam ko fok. Fenti ko tsatsa da ya taru a gefe ɗaya yana sa ta zauna a karkace, fata ta riƙa kama faifai da baki ɗaya. Za a gane haka in fatar ta cinye a karkace, sama ta fi ƙasa. A kankare fentin da reza a hankali har ƙarfe ya fito sumul, kada a sa fayil da hannu. Masu Avid kuma su duba washa masu kwano da ke sama da ƙasan kalifa, kowace mai tudu tana zama ne a cikin mai rami, in ɗaya ta fashe ko ta ɓace a sa wata kafin a ɗaure.